Garun Bahago

"Ƙasa kaɗan," in ji shi. "A'a, kin wuce. Yawwa, nan."

Malama, matarsa, ta danna babban yatsanta a inda ƙashin kafaɗarsa ya haɗu da wuya, ya ja iska ta tsakanin haƙora. A kan ƙaramar kujerar roba yake zaune, a tsakiyar falo, domin in ya hau kujerar mutane hannunta ba ya kaiwa. Haka suke yi kowace safiya kafin ta wuce makarantar da take koyarwa. Kwalbar man zafi a buɗe kusa da kofin shayinsa, warin man ya kama labule, ya kama matashin kai, har littattafan ɗalibanta bai bari ba.

"Yara sun fara kirana Malama mai warin asibiti," ta ce.

"Ki ce musu warin aiki ne."

"Wane irin aiki? Mutum ya tafi ya tsaya a buge shi, ya dawo gida a shafa masa mai. Ko ƙofar shago tana samun hutu."

'Yarsu tana gefen tebur tana tsoma burodi a shayi, sanye da rigar wasa da ta sauko mata har gwiwa. Rigar ƙungiyar ubanta ce, amma lambar da ke bayanta ba tasa ba ce. Ya kalli lambar, ya mayar da ido ga kofinsa.

Garu ake ce masa. Sunan da iyayensa suka sa masa ya daɗe da komawa cikin katin shaida, ko Malama sai ta yi fushi take tono shi. Ƙwallon kwando ce sana'arsa, da ita yake biyan haya, da ita yake ciyar da gida. A cikin mutum biyar da ke shiga fili akwai mai kawo ƙwallo, akwai masu jifa, sannan akwai shi. Aikinsa shi ne ya je ya tsaya a hanyar abokin hamayyar da ke bin gwanin ƙungiya, ya dasa ƙafafu, ya haɗe hannuwa, mutumin ya zo a guje ya yi karo da shi. Cikin wannan ƙiftawar ido sai gwani ya kuɓuce, ya tashi sama, ya jefa. Doka ta ce mai tsayuwa kada ya motsa. In ya kauce, ya ɓata shiri. In ya ture, alƙali ya busa. Abin da ake biyansa a kai ke nan, ya ga ciwo yana tahowa ya jira shi.

Bai taso da ƙwallo a hannu ba. Ubansa mai gyaran firiji ne, shi kuma aikinsa ɗauko firiji daga saman bene ya kai shago, ya mayar in an gyara. A kan matattakalar wani dogon gida wani tsohon koci ya gan shi da firiji a baya, yana hawa yana gaishe da mutane. Kocin ya jira shi ya sauko.

"Ka iya gudu?"

"Kaɗan-kaɗan, ranka ya daɗe."

"Jifa fa?"

"Ban taɓa gwadawa ba."

"To tsayuwa?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ashe an gaya masa rayuwarsa ce gaba ɗaya a kalma guda.

Gwanin ƙungiyarsu kuwa Bahago ne, da hannun hagu yake komai. Siririn saurayi ne mai idon barci, in yana tafiya kamar ba ya son isa. Amma da ƙwallo ta taɓa wannan hannu sai jikinsa ya farka. Yakan wuce ta gefen Garu har rigunansu su gogi juna, ya bar masa ɗan iska a kunci, ya tashi. Garu bai cika ganin jifar ba, domin a lokacin fuskarsa tana cike da gwiwar hannun wani. Da kunne yake sanin ta shiga: raga ta yi ɗan tari, sai ɗakin wasan ya fashe da suna ɗaya.

Ba abokan gaba ba ne. Bahago Yaya yake ce masa. A motar ƙungiya kujera ɗaya suke zama, yaron ya jingina kai a kafaɗar nan mai ciwo ya yi barcinsa, Garu ya ƙi motsi kada ya tashe shi, yana kallon titi yana haɗiye abin da ba ya haɗiyuwa. Hassadarsa ba irin mai ƙona gida ba ce. Irin ta tsakuwa a takalmi ce, ana tafiya da ita, ana gaisawa da ita, ana dariya da ita. A mahaɗar titin da ke kusa da gidansu an kafa babban allon talla, Bahago yana murmushi riƙe da kwalbar lemo. Garu ya sauya hanya, ya ce wa Malama waccan ta fi sauƙin cunkoso. Ita kuwa ta san ƙarya ce, ta bar shi.

Malama takan yanke hotunan jarida ta manna a jikin firijinsu. Duk na Bahago ne a sama, ƙafafu a lanƙwashe, ƙwallo tana barin yatsu. A gefen kowanne akwai wani yanki na Garu. Nan gwiwar hannu, can rabin kunne, wani wurin ƙeya.

"Saura kaɗan," takan ce. "In muka samu hanci da ƙafar dama, sai mu haɗa ka cikakke."

Bayan kowane wasa Inna takan bugo waya, mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin wasa ba amma ba ta rasa tambaya.

"Nawa ka zuba yau?"

"Biyu, Inna."

"Shi yaron nan mai hannun hagu fa?"

Sai ya faɗa mata.

"Kai, Allah ya yi masa albarka. Kai ma ka riƙa lallaɓa shi ya ba ka ka ɗan taɓa mana. Ai ka girme shi."

Wata safiya suka zo atisaye suka tarar da ma'ajiyar kayan Bahago a buɗe, ba komai ciki sai guntun filasta da murfin gora. Koci ya tara su a tsakiyar fili ya ce wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, an gama magana tun jiya. Gajere, mai kawo musu ƙwallo, ya zauna a ƙasa kamar an zare masa ƙashi. Tsoho, wanda ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, ya yi ta salati. Garu ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba, don kada a ga bakinsa.

A ranar nan, da kankana ya koma gida, ƙatuwa, yana rungume da ita yana 'yar waƙa.

"Wa ya mutu ya bar maka gado?" in ji Malama.

"Mutum ba zai sayi kankana ba sai da dalili?"

'Yarsu tana ɗaki tana kuka, ta ji labari a makaranta. Ya je ya zauna a bakin gadonta, ya ce ta yi haƙuri, zai kawo mata sabuwar riga mai lambarsa.

"Baba, taka ba wanda yake sawa," ta ce cikin shessheƙa.

Washegari ya ƙwanƙwasa ofishin Koci. Ƙaramin ɗaki ne mai warin kofi, da farin allo cike da da'ira da kibiyoyi. A kowane zane akwai alama guda da ba kibiyar da ta fita daga jikinta. Garu ya san alamar wace ce.

"Koci, na zo neman abu."

"In hutu ne babu."

"Ƙwallo nake so. A ba ni ita a ƙarƙashin kwando, in juya in zuba. Na daɗe ina gwadawa ni kaɗai bayan kowa ya tafi."

Koci ya cire tabarau ya dube shi, irin duban da ake yi wa kujera in ta yi magana.

"Tun yaushe kake da wannan a ciki?"

"Tun kafin ka zo."

Koci ya mayar da tabarau. Ba shi da wani zaɓi mai yawa, kuma ya sani. "Za mu gwada," ya ce. "In ta karɓe ka, taka ce. In ba ta karɓe ka ba, kada ka zo mini da fuska."

A wasan farko abin ya fito fili tun ba a yi nisa ba. Gajere ya shigo da gudu, ya dubi dama, ya wurga hagu, sama da kai kaɗan, daidai inda wani dogon hannu ya saba miƙowa. Ba hannu a wurin. Ƙwallon ta wuce ta faɗa cinyar wata mata a layin gaba, ta zubar mata da ruwa. Aka yi dariya. Aka sake, ta bugi mai ɗaukar hoto. A karo na gaba ba wanda ya yi dariya.

Ba Gajere kaɗai ba ne. Shekara da shekaru duk ƙungiyar ta koyi miƙa wa mai hannun hagu, har ta manta cewa sauran jama'a da dama suke karɓa. Kowa sai ya murɗa jiki kafin ya kama, kafin ya gyara tsayuwa an rufe shi. Kuma in agogo ya kusa cika, lokacin da ya kamata wani ya ɗauki nauyi, sai ka ga mutum huɗu sun tsaya suna waige-waige, kamar fasinjojin da direba ya sauka ya bar su a tsakiyar titi.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Da, mutum biyu ake sa wa Bahago, wani lokaci uku. Saboda haka kullum akwai ɗan ƙungiyarsu da ke tsaye ba mai gadi. Tsoho ya yi suna da jifa daga kusurwa, yana ɗauka hannunsa ne mai albarka. Yanzu ya ɗaga ido ya ga tafin hannun wani a fuskarsa.

"Daga ina waɗannan mutanen suka fito?" ya tambaya a hutun rabin lokaci, yana haki. "Da can ba su kai haka yawa ba."

"Su biyar ne tun asali, Tsoho," in ji Gajere. "Mu ne ba ma ƙirgawa."

Shi kuwa Garu ya samu ƙwallonsa. An ba shi ita, an sake ba shi. Ya ji nauyinta a tafi, da ɗumin hannun wasu a jikinta, ya ji idon ɗaki duka a bayansa, abin da ya yi ta mafarki. Sai ya juya ya tarar da ƙirji a gabansa, da wani hannu yana zungurar ta daga ƙasa. Ba wanda ya tsaya masa yadda yake tsaya wa Bahago. Ba wanda ya iya. Ya ga Tsoho ya gwada sau ɗaya, da mutumin ya taho sai ya runtse ido ya kauce.

Ƙungiya ta ɗauko sabon ɗan wasa, suka sa masa Baƙo. Yana da sauri, yana da baki, kuma da hannun dama yake wasa. Koci ya ce in ƙwallo ba ta hannun Garu, ya riƙa tsaya wa Baƙo. Kansa ya ji umarnin, ƙafafunsa ba su ji ba. Suka ɗauke shi suka kai shi tsohon gefensa, inda ya saba tsaya wa Bahago, suka dasa shi. Baƙo ya taho ta nan a guje, yana tsammanin hanya a buɗe, ya sa hanci a ƙashin ƙirjin Garu ya zube. Mai gadinsa ya tsallake shi ya tafi da ƙwallon.

Baƙo yana kwance, ana tura masa auduga a hanci, ya ɗago ido. "Yaya, don Allah gaya mini gaskiya. Kai ɗan wace ƙungiya ne?"

Suka yi ta shan kashi. Sukan ci ɗaya, su zubar da uku. Kujerun sama suka fara zama fayau, sannan na tsakiya. Aka kai inda ana jin ƙarar takalma a kan katako, ana jin Koci yana zagin kansa. Mai sayar da riguna a bakin ƙofa ya karya farashin mai lambar Bahago, duk da haka ita kaɗai ake saye.

Rana ɗaya ta zo wa Garu. Komai ya jefa sai ya shiga, ko da ya jefa a karkace. Bai taɓa zuba maki irin na ranar ba tun da ya fara sana'ar. Aka cinye su duk da haka. Wata 'yar jarida ta tare shi a hanyar ɗakin canza kaya, ya goge gumi, ya gyara tsayuwa.

"Yaya kuke fama da rashin Bahago?" ta ce.

Hotonsa ya fito washegari, cikakke, kai da ƙafa, ba abin da aka yanke. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa gurbin da gwani ya bari har yanzu ba mai cike shi. Malama ta ɗauki almakashi ta datse rubutun kafin ta manna, amma ya riga ya karanta a shagon mai jarida.

Inna ta bugo. Ya faɗa mata adadin, ya ja shi a hankali don ta ji da kyau.

"Masha Allah. To kun ci?"

"Ba mu ci ba."

"Ayya. Da yaron nan yana nan."

Ana haka jadawali ya kawo su ga ƙungiyar da ta ɗauke Bahago. Da hantsi Koci ya tara su a ɗakin kallon bidiyo, ɗaki marar taga mai kujerun da ba a yi su don dogaye ba. Kafin ya kashe fitila ya tsaya a gaban allon.

"Garu, na yi maka alƙawarin gwaji, na cika. Lissafi bai goyi bayanka ba, kai ma ka sani. Amma zan ƙara maka wannan wasan. In ka fitar da mu kunya a gaban mutumin naka, ƙwallo taka ce har ƙarshen kakar wasa. In ba haka ba ta koma hannun Baƙo. Ka ji?"

"Na ji, Koci."

Abin da ya zo nema ke nan tun farko, kuma a gaban wanda yake so ya gani. Ya gyara zama.

Allon ya haska. Ga Bahago cikin riga mai wani launi, da idon barcinsa, yana buga ƙwallo a hankali. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ake yi in an ga tsohon gida an sake masa fenti. Sai wani ƙato ya shigo hoton daga gefe, mai aske kai, ya je ya tsaya. Bahago ya wuce ta jikinsa, ya tashi, raga ta motsa.

Kowa yana kallon jifar. Garu yana kallon ƙaton.

Ƙaton ya makara, Garu ya ce a ransa. Ƙafafunsa sun buɗe da yawa. Kafin a buge shi ma ya juya kafaɗa, yana tsoron ciwo.

Sai ga Bahago yana komawa baya da gudu, ya ɗaga hannun hagun nan ya nuna ƙaton da yatsa, a gaban dubban mutane, ya riƙe yatsan a sama har sai da jama'a suka juya suka dubi wanda ake nunawa. Da suka haɗu a tsakiyar fili ya bugi ƙirjin ƙaton da tafi. Ƙaton ya washe baki.

Garu ya nemi irin wannan yatsa a cikin duk shekarunsa, ya duba wasa bayan wasa, bai samu ba.

"Koci, maido baya," in ji shi.

Koci ya maido. "Ku lura da yadda yake karya ta hagu in ya..."

"Sake maidowa."

"Garu, kai ka fi kowa saninsa. Ta ina za mu tare shi?"

"Wannan ba tsayuwa ba ce," in ji Garu. "Dubi ƙafarsa. Yana motsi. Laifi ne ma, alƙali ne bai gani ba. Wa ya koya masa? Daga ina suka samo shi?"

"Ina tambayarka Bahago, kana ba ni labarin ƙafar wani."

Gajere ya fara dariya ƙasa-ƙasa. "Koci, bar shi. An zauna masa a kujera."

"Wallahi har da nuna shi da yatsa," Tsoho ya ƙara. "Kai ko lemon tallan bai taɓa sammaka ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, dariyar farko da suka yi tare cikin makonni. Garu bai ji ta ba. Bidiyon ya ci gaba, aka sake tsayuwar, aka sake jifar, yatsan ya sake tashi. A wani wurin kyamara ta leƙa benci, ga su nan su biyu a zaune, gwiwa tana taɓa gwiwa, Bahago yana faɗa wa ƙaton wani abu a kunne.

Garu ya miƙe, kansa ya tare hasken na'ura, inuwarsa ta rufe rabin allon.

"A ba Baƙo ƙwallon," ya ce.

Koci ya tsayar da hoton. "Me ka ce?"

"A ba shi. Zan tsaya masa, ta dama, zan koya wa ƙafafuna. Amma in ƙwallo tana hannunsu, ni a ba ni gadin wancan." Ya nuna ƙaton da ke daskare a allon, baki a washe.

"Wancan ba ya cin maki, Garu. Ba shi ne matsalarmu ba."

"Na sani."

"Ka fahimci abin da kake mayarwa? Ba zan sake buɗe wannan maganar ba. In ka ajiye ta yau, ka ajiye ke nan."

Baƙo ya taɓa hancinsa, ya dubi Koci, ya dubi Garu. "Yaya, ka yi tunani dai. Kada gobe ka zo ka tsaya mini a gaba da gangan."

Garu yana nan tsaye. Idonsa yana kan allon, a kan tafin hannun hagun da ke manne da ƙirjin wani. Ya daɗe yana kallo, har Koci ya ajiye abin sarrafa na'urar a kan tebur.

"Shi ke nan," in ji Koci. "Baƙo, taka ce. Zauna, Garu, ba mu gama ba."

"Na ga abin da zan gani."

Ya ratsa tsakanin kujeru, gwiwoyi suna janye masa, ya buɗe ƙofa. Hasken baranda ya shigo ya wanke hoton da ke allon. Ya sunkuyar da kai ya fita.